Bahago da Hanyoyi Bakwai

Duk wanda fankarsa ta taɓa mutuwa a wannan layin ya san shagon Bahago. Ɗan tsukukun wuri ne tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da fenti, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin ɗayan ya iya juyawa. Fukafukan fanka a rataye a bango, ƙonannun wayoyi cike da wani tsohon bokiti, warin dalma kuwa ya kama har labulen ƙofa. Daga Litinin zuwa Asabar nan za ka same shi, tabarau a kan karan hanci, sukudireba a hannun hagu, yana ta mita da injin da ya ƙi tashi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce maka gyaran fanka ba. Cewa zai yi shi makaɗin jita ne, fanka ta cefane ce kawai.

Kuma ba ƙarya yake yi ba. Shekara talatin da ɗaya, kowace Lahadi daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa biyar, yana zaune a kujera ta biyu daga hagu a lambun wani otal, inda ƙungiyarsu ke yi wa masu cin abinci kiɗa. Ba wata kujerar a zo a gani ba ce, ta ƙarfe ce mai naɗewa, fentinta ma ya gama zuba. Amma Bahago ya taɓa barin gadon asibiti da allura a hannu saboda ita, ya kuma taɓa ƙin aikin kamfani mai albashi don sun ce har Lahadi ake zuwa. Matarsa ta yi fushin wannan har wata biyu.

Yadda ya koyi jitar ma abin dariya ne. Yayansa direban babbar mota ne, ya sayo jita a wata tafiya, ya rataye ta a ɗakinsa, ya yi rantsuwa duk wanda ya taɓa ta sai ya karya masa yatsu. Shi kansa bai iya ta ba, ta ado ce. Da zarar motar ta tashi sai Bahago ya lallaɓa ya sauko da ita. To shi da hagu yake komai, sai ya juya ta, wuyanta ya koma ɓangaren dama. Duk bahagon da ya samu malami, kwance tsirkiyoyin ake yi masa a sake jera su. Shi ina ya ga ƙarfin halin kwance ko ɗaya? Haka ya bar su a kife. A jitar kowa, tsirkiya mai kauri ce a sama kusa da haɓa, siririya a ƙasa kusa da gwiwa. A tasa, siririyar ce a sama. Da kunne ya koya, yana bin rediyo, kuma ko da ya girma ya sayi tasa, a kifen ya ci gaba da kaɗawa. Babu wanda ya taɓa lura. Mutane na ganin bahago ne sai su ce oho, su wuce.

Kunnen nan nasa kuwa, sai dai a ce masha Allah. Waƙa sau ɗaya zai ji ta, ya ɗan karkata kai, ya kamo ta. Bai san sunan sauti ko ɗaya ba. In ka ce masa me ka danna a nan, sai ya ce, “Wanda ya dace.”

Ana nan sai tsohon shugaban ƙungiyar ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Manajan otal ya kawo sabo, wani mai fiyano da ya yi karatun kiɗa har da takardar shaida. Dogo mai ganga, abokin Bahago tun suna samari, shi ya laƙa masa suna Farfesa tun ranar farko, sunan kuma ya zauna. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. Yana gaida manya, yana ɗaukar wa mutane kaya. Matsalarsa ɗaya, gani yake duk abin da ba a rubuta ba bai zaunu ba.

A atisaye na biyu, suna tsakiyar wata sabuwar waƙa, Farfesa ya ɗago kai daga fiyano ya ce, “Baba, nan naka ne. Shiga da Doriyan.”

Bahago ya waiwaya bayansa ko akwai wani mai wannan sunan. Dogo ya ƙyalƙyale da dariya har sandar ganga ta faɗi daga hannunsa.

“Shugaba, wane ne kuma shi?” in ji Bahago.

Farfesa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya taso ya yi masa bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce sautuka tsani gare su, ana hawa ana sauka. Tsanin nan kuma hanya bakwai ake bin sa, kowace da inda take farawa, kowace da ɗanɗanonta, wata mai haske, wata mai duhu. Ya jero sunayensu, Doriyan, Firijiyan, Lidiyan, da sauran da Bahago ya ce wallahi ya taɓa ganinsu a jikin kwalin magani. Sababbin waƙoƙin da manaja ke so, in ji Farfesa, ba a kaɗa su da “wanda ya dace”. Dole mai jita ya san hanyoyin nan, in an ce masa shiga, ya shiga.

Aka yi sa'a, ko kuwa rashinta, otal ɗin zai rufe lambun sati takwas don gyara, Farfesa kuma zai yi tafiya. Ranar da za su rabu ya miƙa wa Bahago takardu bakwai da ya zana da hannunsa. Kowace da layi shida, duk kaurinsu ɗaya, da ɗige-ɗige baƙaƙe inda yatsa zai sauka.

“Baba, sati takwas ya ishe ka. In na dawo ka iya su, kujerarka taka ce. In ba haka ba, manaja ya ce in nemo wani, kuma ba zan ɓoye maka ba.” Ya ɗora yatsa a kan takardar. “Layin nan na ƙasa shi ne tsirkiyarka ta sama, wadda ke kusa da haɓarka. Daga ita za ka fara kullum.”

To a nan aka yi ɓarnar, a tsaye, cikin minti ɗaya, jita tana rufe a akwatinta. Farfesa mai kauri yake nufi. Ta kusa da haɓar Bahago kuwa siririya ce. Shi Farfesa ya ɗauka an sake jera masa tsirkiyoyi kamar kowane bahago, shi kuma Bahago bai ma san akwai abin tambaya a nan ba.

Kamar wannan bai isa ba, Farfesa ya ƙara abu biyu. “Tsofaffin waƙoƙin nan, ka ajiye su gaba ɗaya har in dawo, don hannu ya saki tsohuwar ɗabi'a. Sannan kunnenka zai ƙi abin nan da farko, don bai saba ba. Kada ka saurare shi. Takarda za ka bi.”

Bahago ya naɗe takardun, ya sa a aljihun gaba, ya ce to.

Washegari bayan karin kumallo ya shimfiɗa ta farko a kan teburin falo, ya danne ta da kofi. Ya sa yatsa inda ɗigo ya ce. Sauti uku suka hau lafiya lau. Ya koma layi na biyu, sai sautin ya rufta ƙasa. Ya hau uku, ya sake ruftawa. Wasu sautukan sun zauna daidai, wasu kuma sai ka ji kamar ka tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Ya duba takardar, ya ƙirga ƙarafan wuyan jitar ɗaya bayan ɗaya, ya sake gwadawa. Haka dai.

Matarsa ta leƙo daga kicin da cokali a hannu. “Baban Auta, lafiya? Jitar ce ta lalace?”

“Karatu nake yi.”

“Wannan ne karatun? To Allah ya sa mu ga alheri. Ni dai kaina ya fara sarawa.”

Ya ce mata ba ta san kiɗan ilimi ba. Ya faɗa da ƙarfi, don shi ma ya fara shakka.

Daga ranar jita ta koma bin sa shago. Tsakanin wannan fanka da waccan sai ya goge hannu, ya ɗauko ta, ya liƙa takarda a jikin bango da salatif. Mai fenti ya jure kwana uku, a na huɗu ya leƙo ya ce, “Bahago, don Allah in mage ce ta maƙale a shagon nan ka sake ta.” Mai guga ya fi shi tausayi, shi rediyonsa kawai ya ƙara wa murya. Aiki ya fara taruwa. Wata mata ta zo karɓar fankarta sau uku, a na ukun ta ɗauke abarta a kwance, fukafuki a leda, tana faɗa har bakin titi.

Abin yana damunsa ƙwarai, kada ka ga yana daurewa. Duk sautin da ya fito a karkace, sai kafaɗarsa ta ɗan motsa, yatsan kuma ya nemi zamewa da kansa zuwa wurin da ke kusa, inda ya san daidai yake. Sai ya dawo da shi da ƙarfi. Wani lokaci har dukan bayan hannun yake yi, yana cewa, “Zauna inda aka ce maka!”

A sati na uku ya kasa haƙuri. Ya daɗe yana juya wayarsa kafin ya kira Farfesa, don kunya yake ji, mutum mai furfura yana tambayar sa'an ɗansa yadda ake riƙe jita. Farfesa ya ɗauka cikin hayaniyar mutane.

“Shugaba, abin nan fa, ban sani ba ko ni ne. Wani banbaraƙwai nake jin sa. Kamar ba ya tafiya daidai.”

“Banbaraƙwai ko? Madalla, Baba! Ai na gaya maka. Alama ce kana kan hanya. Ci gaba, kada ka sassauta. Ina cikin taro, za mu yi magana.”

Da ya ce masa kaɗa in ji, da magana ta ƙare a nan. Daƙiƙa goma ta isa. Bai ce ba, Bahago kuma bai ga fuskar roƙo ba.

Dogo ya zo duba shi wata Asabar, ya zauna a kan bokitin wayoyi da ya kifa, ya saurari Firijiyan daga farko har ƙarshe. Ya sosa ƙeya ya ce, “Kai, mutumina, ni fa bugu na sani. Amma in wannan ne karatun, gara da ubana ya hana ni.” Suka yi dariya. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ka tabbata haka yake?” Bahago ya nuna masa takardar da ɗige-ɗigenta. Dogo ya kalle ta, bai gane komai ba, ya ce to ai shi ke nan tunda a rubuce yake.

Haka ya yi ta yi. Awa biyu da safe, awa uku a shago, awa ɗaya bayan la'asar. Hawa da sauka, hawa da sauka, hanya bakwai, kowace sau ɗari. Tsohon kanta da ke kan yatsunsa ya tsage, sabo ya fito. Tsofaffin waƙoƙi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa su ba, an ce ya ajiye, ya ajiye. In wata ta taso masa a rai yana cikin ɗaure fanka, sai ya kore ta da karanto sunayen hanyoyin.

Cikin sati na shida, wata safiya, ya sauko daga Lidiyan sai ya lura kafaɗarsa ba ta motsa ba. Ya sake hawa. Shiru, babu inda ya yi masa ciwo. Ya miƙe da murna ya shiga kicin.

“Maman Auta! Ya zauna! Wallahi na fara jin daɗinsa. Ashe gaskiyar yaron nan ne.”

Ta dube shi. Ita dai abin da take ji yau shi ta ji ranar farko, sai dai ya ƙara sauri. Amma rabon da ta ga haƙoransa tun kafin a rufe lambu, sai ta ce, “To barka. Zo ka ɗauki shayinka kafin ya huce.”

Ranar Asabar ta ƙarshe aka taru atisaye da ƙarfe goma na safe, gobe za a buɗe. An sake shuka ciyawa, dandamalin yana warin sabon fenti. Bahago ya riga kowa zuwa, da rigarsa mai guga. Ya jona jitarsa da ɗan akwatin lasifikar da ke bayan kujerarsa, ya zauna yana murza yatsu.

Farfesa ya gaishe shi da fara'a, ya zauna a fiyano ya ba shi sauti. “Bismillah, Baba. Doriyan.”

Bahago ya shiga. Wallahi bai yi kuskure ko ɗaya ba, kowane yatsa ya sauka a kan ɗigonsa, da sauri, da tsabta. Mai busan ƙungiyar ya sauke ƙahonsa daga baki. Farfesa ya ɗage hannuwansa daga fiyano a hankali.

“Tsaya, Baba. Wace ce wannan?”

“Doriyan. Ko in kawo Firijiyan? Duk na iya su.”

Farfesa ya taso. Ya tsuguna a gabansa, karo na farko da ya kalli jitar nan da kyau. Ya taɓa tsirkiyar sama, ta yi ƙara siririya. Ya taɓa ta ƙasa. Sai ya dafe kai da hannu biyu.

“Innalillahi. Baba, a kife take? Tun yaushe?”

“Tun da na fara. Wani abu ne?”

Da ƙyar ya iya yi masa bayani. Duk takardun bakwai, a juye ya haddace su. Abin da ya yi sati takwas yana kaɗawa ba Doriyan ba ne, ba Lidiyan ba ne, ba shi da suna ma, babu waƙar da zai shiga. “Laifina ne, Baba. Da na duba. Da na ce ka kaɗa mini a waya. Don Allah ka yafe mini.”

Bahago ya sunkuyar da kai. Kallon yatsunsa kawai yake yi. Da Farfesa zagi ya yi, da ya samu abin riƙewa, to ga shi yaron har idonsa ya kawo ruwa. Wa zai yi wa faɗa?

“Ba komai,” in ji Farfesa, yana ta neman gyara. “A bar takarda. Zan san abin da zan gaya wa manaja. Mu koma tsofaffin, ka kaɗa yadda ka saba, da kunnenka.”

Dogo ya yi maza ya buga musu shigar wata waƙa da suka fi shekara ashirin suna buɗe Lahadi da ita. Bahago ya ja numfashi ya bi. Farkon ya tafi sumul, har Dogo ya fara gyaɗa kai. Da aka zo inda jita ke fita ita kaɗai ta zaga ta dawo, sai yatsun suka zame cikin sabuwar hanyar da aka dake su a kanta, suka hau uku suka rufta, suka hau uku suka rufta. Ya kai ƙarshe, ya ɗago yana murmushi. Ya ga babu mai kallonsa, kowa ya samu abin dubawa a ƙasa.

“Me ya faru? Ai daidai na yi.”

Ya juya wajen abokinsa.

“Dogo, ba daidai na yi ba?”

“Mu sake ɗauka, mutumina,” in ji Dogo.

Aka sake. Wannan karon a tsorace ya shiga, yana sauraron kowane sauti, kuma duk ɗaya yake jin su, mai kyau da mara kyau. Ya tsaya a tsakiya don kansa. Gumi ya jiƙa rigar gugar. Ya ce bari ya wanke fuska, ya sauka ya nufi famfon da ke bayan kicin ɗin otal. Daga can yana hango Dogo ya ja Farfesa gefe, yana magana yana haɗa hannu biyu alamar roƙo, ga manaja a tsaye yana duba agogo.

Da ya dawo Farfesa ya ce, “Baba, kujerarka tana nan. Gobe ƙarfe ɗaya.” Bai haɗa ido da shi ba.

Lahadi lambu ya cika. Bahago ya zauna, ya jona jitarsa, ya gwada, ta amsa. Ana dab da farawa sandar Dogo ta faɗi, ta gangara bayan kujerar Bahago. Dogo ya taso ya sunkuya ɗaukowa, ya ɗan jima a sunkuye. Aka fara. Bahago ya kaɗa, sai ya ji babu komai daga lasifikar da ke bayansa, sai ɗan ƙis-ƙis ɗin tsirkiya a jikin cikinsa, wanda ko mai busa da ke gefensa ba zai ji ba. Ya ɗauka waya ce ta cire, shi da gyaran lantarki ne aikinsa. Ya saci kallo. Waya na nan daram, jar fitila na ci. Abin murɗa ƙara ne aka mayar ƙarshen hagu. Da aka zo wurin fitar jita, fiyano ya ɗauka, ya zaga ya dawo, mutane suka tafa.

Awa huɗu ya yi yana motsa hannu. Da aka tashi Dogo ya tsaya ɗaure gangunansa ya ba shi baya, ɗaurin da bai ƙare ba har Bahago ya fita.

A satin ya gwada duk abin da ya sani. Ya juya takardun ya fara daga tsirkiya mai kauri, yatsu suka ƙi, suna komawa inda suka saba. Ya zaunar da matarsa a falo ya kaɗa mata tsofaffin waƙoƙi, ya ce ta ɗaga hannu duk inda ya kauce. Ta ɗaga, ta sake ɗagawa, can sai ta bar ɗagawa ta sa hannun a cinya. Ya ce to ta gaya masa wane sauti ne daidai. Ta ce, “Baban Auta, ni ina zan sani? Na dai san da ba haka yake ba.” Ta ce ko ya huta wata ɗaya ko biyu, wataƙila ya dawo. Ya ce in ya huta, wa zai tarar a kujerar? Ta tashi ta kwashe kofuna.

Lahadi ta zagayo. Ya goge takalmi, ya ɗauki akwatin jita, ya isa kafin ɗaya saura kwata. Ya jona waya, ya zauna. Farfesa ya ɗaga hannu za a fara, sai ga sandar Dogo ta sake gangarowa ta tsaya a gindin kujerarsa. Dogo ya yunƙura zai taso, fuskarsa kamar wanda aka aika ya faɗi rasuwa.

Bahago ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya miƙa masa.

“Zauna, Dogo. Bayanka ba shi da lafiya.”

Ya juya, ya kai hannun hagu bayan kujera, ya murɗe ƙarar lasifikar da kansa har ta mutu. Sannan ya gyara zaman jitar a cinyarsa, ya jira a ƙirga huɗu.